Kalma Ashirin da Huɗu a Cikin Gafaka

Maigidana ɗan kasuwar hatsi ne a Gusau. Da kaka yake saye a ƙauyukan Tsafe, inda aka haife shi, ya jibge a sito, ya jira farashi ya ɗaga da bazara ko tsakiyar damina sannan ya sayar. Da wannan muke ci, da shi yaranmu uku suke zuwa makaranta. Ba mu da gona a Gusau, ba mu da albashi. Abin da ke cikin siton nan shi ne shekararmu gaba ɗaya, kuma shi ne jarin shekara mai zuwa.

Lokacin da aka canza takardun kuɗi ne zuciyarsa ta fara fita daga naira. Wata rana ya dawo daga kasuwa da leda cike da tsofaffin kuɗi, guminsa, ya zube su a tabarma ya zauna yana kallo. Mai nama ya ƙi karɓa, mai fetur ya ƙi karɓa. Ya kai banki, ya yi wuni biyu a layi, suka karɓa, amma sababbin ba su fito ba. Kuɗinsa na ciki, yana ganin adadinsu a waya, amma ba shi da abin da zai miƙa wa manomi a hannu. Manomin ƙauye irin Kucheri kuwa bai san tiransifa ba, wanda ya sani ma bai yarda da ita ba. A makonnin nan ni da kaina na ba maƙwabciyata tiya ɗaya ta gero ta ba ni kwalbar man gyaɗa.

Shi ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya ce mini kawai shi ne, “Kuɗin da za ka kwanta yana kuɗi, ka tashi a ce maka takarda ne, na wa ne? Nawa, ko na wanda ya buga shi?”

Kuɗin sun dawo hannun mutane daga baya, amma sun dawo a rame. Abin da ya sayi buhu bara, bana da ƙyar ya kai rabi. Yakan sayar da kaya ya ga kamar ya ci riba, ya koma ƙauye saye ya tarar ribar ta narke a hanya.

Yana da abokin ciniki, wani Alhaji mai sayar da wake, ɗan Bungudu, garin da iyayena suke. Alhajin nan ne ya nuna masa wani sabon kuɗi da ke zaune a cikin waya, wanda ba gwamnatin kowa ce ta buga shi ba. Koyin suke kiransa. Sai wani ya gayyace ka kake shiga, in ka shiga kuma ka gayyato wasu. Kullum sau ɗaya za ka buɗe waya ka danna wani wuri, adadinka ya ƙaru kaɗan. Wannan dannawar suke kira haƙa. A ƙasarmu in aka ce haƙa, zinari kowa ke ji, da rami, da mutanen da ke fitowa fari fat da ƙasa. Don haka abokansa na kasuwa suka samu abin tsokana. In ya zo da safe sai su ce, Malam yau an shiga rami kuwa, ga riga ba ta ɓaci ba. Yakan ce nasa ramin ba ya ruftawa. Ni ma ban ƙyale shi ba. Na ce ranar da cefane ya gagara sai ya danno mana tumatir da albasa. Ya yi dariya ya ce in na ga ya danno mini keken ɗinki kada in karɓa.

Ban damu ba a lokacin, don ba ya cin komai sai data. Akwai zaurensu a waya, dubban mutane, daga Gusau har garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Saƙon murya ba ya yankewa. Yakan saurara bayan la'asar yana shan fura, ni kuma ina ji daga madafa. Kullum maganar ɗaya ce: a yi haƙuri, kada a sayar da arha, ranar tana nan tafe.

An fi shekara a haka, sai aka ce kowa ya buɗe lalitarsa, wato wurin da za a zuba masa abin da ya haƙa ya zama nasa na hannu. Makullin lalitar kalmomi ne na Turanci guda ashirin da huɗu, a jere, waya ce ke ba ka su sau ɗaya. Alhaji ya gargaɗe shi sosai: kada ya ɗauki hotonsu, kada ya bar su cikin waya, kada ya tura wa kowa ko da shi Alhajin ne. Wanda ya samu kalmomin ya samu kuɗin. Wanda ya ɓatar da su kuwa, ba ofishin da zai je.

Maigidana allo ya yi. Ya sauke, yana da rubutu mai kyau, amma boko da ƙyar yake haɗa shi. Ni na yi firamare da shekara uku a sakandare. Sai ya kira ni, muka zauna a baranda da hantsi, ina karanto masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana rubutawa da ajami yadda ya ji su a bakina. Kowacce sai ya tambayi ma'anarta. Ɗaya kogi take nufi, ɗaya tsani, ɗaya zuma. Wasu ban san su ba. Ya ce wannan kam zancen mahaukaci ne, ba kai ba gindi. Da ya gama ya karanto mini su, na duba a waya, suka yi daidai.

Na ce ya bari in kwafa da boko ma, a samu biyu. Ya ƙi. Ya ce takarda biyu ƙofa biyu ce, kuma ɓarayin waya boko suka iya, ba wanda zai ga ajami ya zaci makulli ne. Ya ninke ta ƙarama, ya zura cikin gafakar Alƙur'aninsa, tsakanin tsofaffin takardun addu'o'in da malaminsa na Tsafe ya rubuta masa tun yana saurayi. Ya ce ɓarawo yana ɗaukar waya, ba ya ɗaukar gafaka. Na ga hikimar maganar, na bar shi.

Daga nan abin ya fara fitowa daga waya ya shigo kasuwa. 'Yan zauren suka yanka wa koyin farashi a tsakaninsu, suka yi alkawarin ba wanda zai sayar ƙasa da shi. Wani mai shadda ya manna takarda a shagonsa cewa yana karɓar rabi naira rabi koyin. Aka ce wani ya sayi babur da shi a Tsafe. Ban ga babur ɗin ba, amma na ga maƙwabciyata ta sayi atamfa, ba ta taɓa naira ko ɗaya ba, waya kawai ta haɗa da ta mai shago. Malamai suka rabu. Wasu suka ce caca ce da aka sa wa riga. Wasu suka ce duk abin da mutane suka yarda da shi suna saye da sayarwa kuɗi ne, ai da wuri kakanninmu suka yi aure suka sayi gona. Maigidana ya riƙe magana ta biyu.

Ba wawa ba ne, ina so a san wannan. Mutum ne da ya ga kuɗin ƙasarsa sun ƙi shi da rana tsaka. Wanda ya nuna masa wata ƙofa kuma abokinsa ne na fiye da shekara goma, wanda bai taɓa cutarsa ba.

Farkon damina wani ɗan zaurensu ya zo ya ga sito. Buhu talatin da biyar ne a ciki, gero da dawa. Ya ce zai kwashe duka, ya biya da koyin a farashin da zaure ya yanka, wanda in aka lissafa ya fi na kasuwa nesa. Maigidana ya gaya mini da safe, yana ɗaura agogo, kamar wanda ba ya son a tsaya a kan maganar.

Na ce, “Malam, ka sayar da rabi a naira. Rabin ka yi yadda ka ga dama.”

“Nairar da zan riƙe wata huɗu kafin kaka? Kin san abin da za ta zama kafin nan.”

“Na sani. Amma ko ta rame ana cefane da ita a kowace rumfa. Wannan naka mutum nawa ke karɓa?”

“Yau kaɗan ne. Ki bari kaka ta zo.”

“In ba ta zo yadda kuke zato ba fa?”

Sai ya ce zai bar buhu biyar na gida. Iyakar abin da na samu ke nan. Talatin suka tafi a mota, adadin da ke cikin lalitarsa ya ƙaru. Ya nuna mini, na kalli lambobin, na ce Allah ya sa albarka. Ban ce da zuciya ɗaya ba, kuma ya gane.

Bai kai kakar ba. Bayan wata biyu ya je Tsafe gaida mahaifiyarsa, a hanyar dawowa tayar motarsu ta fashe. Kafin a iso da shi Gusau rai ya yi halinsa. Aka kawo mini hularsa da carbinsa a leda, da wayar a farfashe.

Mahaifiyarsa, wadda duk muke kira Inna, ta zo a ranar, ta kuma zauna da ni. Ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kuka a gaban mutane. Ita ta riƙe gidan lokacin da ni ba na iya riƙe ko kofi. Ita ke dafa wa yara abinci, ita ke wa autana wanka, ita ke tashina in yi salla. Ba ta yi karatu mai zurfi ba. Tana da surorin sallarta, kuma ta san baƙin Larabci in ta gan shi, ko da ba za ta iya karantawa ba. In ta ga guntun takarda mai irin wannan rubutu a ƙasa, sai ta sunkuya ta ɗauka.

Bayan sadakar bakwai ta ce a kai Alƙur'aninsa masallacin unguwa, a riƙa karantawa ladan yana isa gare shi. Na ce to. Da safe ta zauna bayan ɗaki da gafakar, ta zare duk guntayen takardun da ke ciki. Ta ce in aka kai su masallaci za su zube, yara su taka, gara a ƙone su da mutunci yadda ake yi. Ta wanke kasko, ta jera su a ciki. Ta nemi ashana, ni na miƙa mata. Na tsaya a ƙofa ina kallon hayaƙin. Ta tattara tokar ta binne a gindin darbejiyar gidan, ta danne da dutse, ta yi masa addu'a. Na ce amin, na ce Allah ya saka mata. Hankalina ba ya kan waya, ba ya kan sito, ba ya kan komai. Ina ta tunanin yadda ya fita ranar bai gama shan kokonsa ba.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Yayansa ya zo daga Tsafe, shi ne zai tsaya wa marayu. Ya zo da malamin da zai raba, aka kuma kira Alhajin Bungudu saboda ya san harkar marigayi. Ina cikin takaba, don haka maza suka zauna a zaure, ni da Inna muka zauna a tabarma bayan labulen ƙofar ciki.

Aka ambaci gida, aka ambaci babur, aka ambaci ɗan abin da ke banki. Da aka zo kan sito Yaya ya ce ya buɗe ya tarar da shi wayam. Alhaji ya yi bayanin cinikin. Ya ce ya riga ya sa an dawo da layin marigayi a wata wayar, ya shiga, ga adadin nan a rubuce kowa ya gani. Aka miƙo wayar bayan labule, na ga lambobin nan dai da ya nuna mini. Malam ya tambaya ko za a iya fitar da su a ba kowa rabonsa. Alhaji ya ce ƙwarai, ko yau, in dai an kawo kalmomin. Ya ce marigayi ya gaya masa ya rubuta su a takarda, kuma mai ɗakinsa ta san inda take.

A nan ne na tuna. Kaskon Inna ya faɗo mini a rai, da ashanar da na miƙa mata. Na ce a dubo gafakar a masallaci, duk da na san abin da za a tarar. Aka dubo, aka girgiza, aka bi Alƙur'anin ganye-ganye. Babu.

Yaya ya ce, “Ki nutsu ki tuna. Abincin yaran nan ke nan, ba wani. Wa ya taɓa gafakar kafin a kai ta?”

Kafin in buɗe baki, Inna ta juyo ta kalle ni. Ta yi ƙasa da murya yadda maza ba za su ji ba.

“Ɗiyata, takardar da aka nema, da wane rubutu anka yi ta?”

Na kalli hannuwanta a kan cinyarta. Kwana arba'in ke nan da ta binne ɗanta, tana ta hidimar 'ya'yansa.

Na ce, “Da boko, Inna. Ni na rubuta.”

Ta sauke numfashi, ta ce Allah ya bayyana ta. Sannan na ɗaga murya na ce wa Yaya na tuna, marigayi ya cire ta daga gafaka ya ba ni ajiya, kuma a ruɗewar rasuwa ban san inda na sa ta ba.

Malam ya ce shi abin da ake iya miƙawa hannu da hannu yake rabawa. Wannan kuwa ana ganinsa ba a iya taɓa shi, sai a jingine shi har ranar da makulli ya fito. Ya raba sauran. Ba shi da yawa.

Na san abin da na ɗaukar wa kaina, amma ban san nauyinsa ba. Aka juye ɗakina sau uku, har katifa aka farke. Yaya bai taɓa cewa na ɓoye ba, mutumin kirki ne, amma gaisuwarsa ta gajarce. Matarsa ce ta ce wa wata, ita kuma ta kawo mini, cewa wadda ta iya boko ba ta ɓatar da takardar boko, a jira dai takaba ta ƙare a ga sabon gini a Bungudu. 'Yan zauren koyin su ma suka samu lambata. Wani ya ce in tura masa duk abin da na tuna zai buɗe mini. Wani ya ce in biya shi tukuna. Alhaji ya ce kada in saurari kowa, ba mai iya buɗewa, shi ya sa ma suka yarda da abin tun farko. Ya faɗi haka kansa a ƙasa. Har yau yana aiko wa yara wake.

Da na fita takaba na bi kuɗin banki. An wahalar da ni da takardu, da shaidu, da je ki dawo gobe, wata uku ina zirga-zirga. Amma akwai ƙofa, akwai mutum a bayan tebur da zan gaya wa mijina ya rasu, ya ce Allah ya jiƙansa, ya nuna mini inda zan sa hannu. A ƙarshe aka ba mu. Abin da aka ba mu bai kai ya sayi buhu uku ba a ranar. Buhu talatin kuwa suna can inda ba ƙofa, ba mutum. Nakan rasa wanne zan fi jin haushi. Maigidana bai yi ƙarya a kan naira ba, ni ma ban yi ƙarya a kan koyin ba.

Buhu biyar ɗin suka ƙare. Na sa haya a gidan Gusau, na dawo Bungudu gidan mahaifina da yara. Ina yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Babbar 'yata ta zauna zango biyu a gida kafin in iya mayar da ita makaranta. Wani lokaci mace za ta zo sayen mai ta tambaya ko ina karɓar koyin, in ce a'a. Mutane sukan kawo mini labarinsa ba tare da na tambaya ba. Yau a ce ya tashi, da na riƙe takardar da na sayi mota. Gobe a ce ya faɗi ƙasa warwas, ba abin da na rasa. Duka biyun ba sa sa ni jin daɗi.

Inna ba ta taɓa juya mini baya ba. Duk kaka takan aiko da gero daga 'yar gonarta. In na kai mata yara takan ce kada in damu da maganar mutane, mantuwa ba zunubi ba ce, kowa na ɓatar da abu. Ina zaune ina jinta tana yafe mini. Ta rasu bayan ƙaramar sallar da ta wuce, ba ta sani ba. Ko kuma ta sani ta bar ni da ƙaryata, wannan ban iya cewa.

Bayan sadakar bakwai ɗinta na nemi Yaya, muka tsaya a zauren gidansu na Tsafe, na gaya masa duka yadda aka yi. Ya share fuskarsa da hannun riga, ya ce Allah ya jiƙan su biyun, ya ce in yafe masa. Na ce ba komai. Na ɗauka magana ta ƙare, har na gyara mayafi zan shiga ciki.

Sai ya ce, “To tunda ke kika karanto masa, guda nawa kike tunawa?”

Na ce shida, kuma ban san jerinsu ba. Ya ciro biro ya rubuta su a bayan wata takarda. Ya ce an ba shi labarin wani mutum a Gusau mai kwamfuta, wanda in aka ba shi kaɗan yakan nemo sauran. Na gaya masa abin da Alhaji ya ce. Ya ce ya ji, amma haƙƙin marayu ne, ba zai zauna bai gwada ba. Ya sayar da akuya biyu ya biya mutumin. Wata na uku ke nan, duk ranar Juma'a yana kirana ya ce an ce a ƙara haƙuri.